Ƙaramar Tasha Tsakanin Ƙattai Biyu

Kai Nura, ajiye wayar nan ka dube ni. Tun ɗazu ina jin ku kuna dariya, wai gyaran rediyo ba sana'a ba ce, batir kawai ake sauyawa a hure ƙura a miƙa wa mai shi. To madalla! Ku da in gilashin waya ya fashe sai ku ɓamɓare shi ku manna sabo, ku ce kun yi aiki. Mu a zamaninmu ba a ɓamɓare komai a yar. Abin da ya mutu a cikin akwatin nan kai za ka nemo shi, da kunnenka da hancinka, ka tashe shi. Ku matso da bencin nan, yau sai kun ji.

A Dilimi, cikin garin Jos, na koya, a hannun Oga Raimi, Bayarabe mutumin Ogbomosho, Allah ya jiƙansa. Hausarsa irin ta Jos ce, matarsa ma "shi" yake ce mata. Na daɗe a shagonsa ban taɓa rediyo ba. Aikina fifita kurfoti, don a garwashi muke gasa ƙarfen narka dalma, wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. Akwatin da ya fara miƙo mini na wani mai shayi ne a bakin tashar mota. Na ɗauko sukuddireba da rawar jiki, ya buge mini hannu. Ya ce, "Garba, shinshina shi tukuna." Na kai hanci, na ji ƙauri-ƙauri da wani zaƙi-zaƙi. Muka buɗe, sai ga kyankyasai sun yi gida, sun biyo sukarin da ke zuba a tebur, ɗaya ya kwanta a kan waya biyu ya gasu ya haɗa su. Ko dalma ba mu narka ba ranar, tsintsiya ce ta yi gyaran.

Kayan aikinmu ba su da yawa: filaya, sukuddireba, mita guda mai allura da sai ka ɗan mare ta take motsi, kakin zuma, sai tsinke. E, tsinke na ce, kada ka yi mini wannan kallon. A cikin rediyo akwai wasu 'yan gwangwanaye ƙanana, kowane da ɗan baƙin dunƙule a ciki wanda ake murɗawa. Su ne ke tace murya, su raba wannan tasha da waccan. In ka sa ƙarfe ka murɗa su, ƙarfen da kansa zai ruɗa su, kana janye hannu komai ya wargaje. Sai itace. Oga Raimi tsinken tsire yake fiƙewa. Ka murɗa kaɗan, ka ɗauke numfashi, ka saurara, ka ƙara kaɗan. In ta zauna ka ɗiga kakin zuma ka kulle. Wannan aikin muke kira raba tasha, kuma masu shago da yawa sun tsufa sun mutu ba su iya shi ba.

Lokacin da na buɗe nawa shagon, wajen ƙarshen shekarun saba'in, wallahi gajeren zango kasuwa ce! Ka murɗa allura kaɗan ka ji Landan da Hausa, ka ƙara ka ji Jamus, ga Masko, ga mutanen Sin suna jan Hausarsu a hankali. Amurka kuma tana ta zuba Turanci da kiɗa. Kowa so yake mu saurare shi, kowa cewa yake shi ne masoyin Afirka. Mu kuwa muna zaune a Dilimi manyan duniya suna zawarcin kunnenmu, abin har daɗi yake mana. Da la'asar ƙofar shagona ta cika. Akwai Sale tela, wanda muke kira Kwamared, don in Masko ta ce rana ta fito daga yamma zai rantse ya gani. Akwai Malam Bulus, akawu a kamfanin kuza, shi kuma Amurka ba ta laifi. Kullum sai sun yi kamar za su daku, kullum kuma a faranti ɗaya suke cin tsire.

Rigimar lokacin a kan bakin Bahar Maliya take. Duk jirgin man da zai wuce Turai ta nan yake bi, don haka kowane babba yana son ya sa ƙafa a wurin. Da farko Amurka na tare da Habasha, Rasha na tare da Somaliya. Kwatsam sai aka wayi gari sun yi musaya! Rasha ta kwashe kayanta ta koma Habasha da jirage da bindigogi, har da sojojin Kyuba, Amurka kuma ta fara yi wa Somaliya fara'a. Kai, ranar mun sha dariya. Kwamared da ya shekara yana yabon Somaliya ya zo yana cewa dama can bai yarda da su ba. Malam Bulus ya ce, "Sale, jiya fa ka ce 'yan'uwanka ne!" Ya ce, "Kai ma jiya Habasha ce gidanku, yau ina ka kwana?"

Mutum ɗaya ne ba ya dariya a majalisar, Baba Adamu, babban mai sayar da katako a kasuwar Katako. Ƙarar injin tsaga katako ta cinye masa kunne, sai ka yi ihu yake ji. Yakan zauna a ƙarshen benci, in an gama musu ya taɓa ni ya ce, "Sun ambaci Masawa?" Kowa ya san dalili. Ɗansa na fari ya bi ayarin mahajjata a ƙasa tun yana saurayi, guzuri ya ƙare masa a Masawa, wani gari na ƙasar Habasha mai tashar jiragen ruwa a bakin Bahar Maliya. Ya zauna yana dako, ya yi aure. Jefi-jefi alhazai kan kawo labarinsa. To ga shi yanzu yaƙi ya iso Masawa, ana luguden wuta ta ƙasa da ta ruwa, labari ya yanke ɗif. Ba wanda ya san ko yana raye. Baba kuwa mutumin da ne, mai kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa cewa ya damu ba. In dole ta kama sai ya ce "mutumin can".

Shekarar kuma ita ce muguwar shekara a sana'armu. Gwamnatin soja ta tsuke bakin aljihu, ta hana shigo da kaya iri-iri, kamfanonin kuza suna ta sallamar ma'aikata. Taransisto guda, abin da bai kai ƙwayar wake ba, sai ka zagaye Jos ba ka samu ba. Matattun rediyo muka koma fedewa, mu ciro hanjin wannan mu dasa wa wancan. Na taɓa gyara wa wata malamar asibiti akwati da kayan rediyo huɗu, ta ce muryarsa ta canja, na ce ai dole.

A cikin wannan hali Shehu direba ya dawo daga tafiya. Shehu babbar mota yake ja, Jos zuwa Maiduguri har cikin Chadi, ya kuma iya Larabcin hanya. Ya ce ya ji a can cewa mutanen Masawa suna ta gudu da ƙafa suna shiga Sudan, kuma akwai wata 'yar tasha a Sudan da ke karanta sunayen waɗanda suka iso, gab da magariba, don dangi su sani. Na maimaita wa Baba da ƙarfi a kunne. Ya tashi ya tafi.

Washegari da safe sai ga shi da ƙaton rediyonsa a naɗe cikin darduma. Ya dire mini a tebur.

"Garba, abin nan ya cika surutu. Ka rage masa Rasha."

Na ce, "Baba, wace tasha kake son ji?"

"Ta Sudan ɗin nan. An ce suna da masu karatun Alƙur'ani masu daɗin murya."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Da yamma na zauna na neme ta, Shehu na gefena. Na same ta kuwa, amma ina! Tana maƙale tsakanin ƙattai biyu. Ka matsa allura gashi ɗaya hagu, Masko ta faɗo maka da ganguna da kakaki. Ka matsa dama, Amurka ta danne ka da Turanci. Ita kuma tana can ƙasa, muryar mutum ɗaya tana tasowa tana nutsewa. Ba wai sun san da ita ba ne. Ihu suke wa juna a kan yankin, kowa na ƙara ƙarfin injinsa, ita kuma mai ɗauke da sunayen mutanen yankin an taka ta ba a ko lura ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma kuma jikina har tsuma yake, don na san ga aikin da aka koya mini tsinke dominsa.

Kwamared da Malam Bulus, karo na farko a rayuwarsu, bakinsu ya zo ɗaya: a ƙara tsawon eriya. Na biye musu. Muka ja waya daga shagona har kan bishiyar mangwaron maƙwabta. Me za a ji? Masko ta ninka, Amurka ta ninka, ta Sudan ta ɓace gaba ɗaya. Na tattara na nufi gidan Oga Raimi, lokacin ya tsufa ya bar shago. Ya saurare ni yana tauna goro, ya yi dariya har da tari.

Ya ce, "Garba, kai har yanzu yaro. Mutum biyu yana faɗa, kana so ka ji na uku, sai ka ƙara babban kunne? Ka juya musu ƙeya mana!"

Ya kwatanta mini da hannu: a yi firam na katako kamar na taga, a naɗe shi da wayar jan ƙarfe zagaye-zagaye. Irin wannan eriyar tana ji ta gefe biyu, tana kurumcewa ta gefe biyu. In ka juya kurman gefen ya kalli arewa, inda Masko take, ka rabu da ita. Amurka kuma sai tsinke ya yi maganinta.

Kun ga yadda unguwa ta tashi? Na je Katako na ce wa Baba ina son firam kaza. Bai tambaye ni na mene ne ba. Ya ture yaransa gefe, ya zaɓo maɗaci mai kyau, da hannunsa ya fere ya haɗa, har ya tsaga mini wani siririn tsinke daga jikinsa ya ce wai ko zai yi amfani. Wayar jan ƙarfe ta gagara a kasuwa, Kwamared ya kwance tsohon injin lantarkin keken ɗinkinsa ya warware mini. Da na buɗe rediyon Baba na tarar taransisto ɗaya ya gaji, shi ke sa shuuu. Babu irinsa a gari. Malam Bulus ya tafi gida ya dawo da nasa rediyon, lafiyayye, wanda yake jin Amurkarsa da shi, ya ce, "Cire." Na ce, "Malam, in na cire fa ya mutu ke nan." Ya ce, "Na ce ka cire, Garba, kada in canja ra'ayi."

Muka hau duwatsun bayan gidan Baba a Dutse Uku, mu biyar, da la'asar sakaliya. Na zaɓi wani lungu inda ƙaton dutse ya tare mana yamma, don ta can Amurka ke shigowa. Ko dutsen ya taimaka ko bai taimaka ba, har yau ban sani ba. Kwamared ya riƙe firam, ina ce masa juya, juya, tsaya, koma kaɗan. Sai ga gangunan Masko suna ja da baya, suna ja da baya, har suka zama kamar ana biki a wata unguwa. Malam Bulus ya ce, "Sale, da hannunka ka kashe Rasha!" Na ce su yi mini shiru. Na cire bayan akwatin, na sa tsinken maɗaci a gwangwani na farko, na biyu, na uku. Gumi na keto mini duk da sanyin dutse. Turancin ya yi siriri, ya yi siriri, ya tsinke. Sai ga Larabci tangaram, kamar mutumin yana zaune a bayan dutsen!

Muka yi ihu gaba ɗaya. Shehu ya ce, "Su ne! Wallahi sunaye yake karantawa!"

Na ƙure sauti na kai sifika kunnen Baba. Ya runtse ido, ya daɗe, ya girgiza kai. Na sa masa 'yar wayar kunne. Ya ce shi dai yana jin ana magana, amma kalma ɗaya ba ya rabewa. Nan murnarmu ta koma ciki. Mu masu kunne ba mu san sunan da za mu saurara ba. Duk Jos Nagoggo aka san yaron da shi, don goggonsa ce ta goye shi, ita da mahaifiyarsa kuma duk sun rasu. A Sudan kuwa ba wanda zai karanta Nagoggo, sunan yanka za a kira. Wanda ya san sunan ba ya ji, masu ji ba su san sunan ba.

Shehu ya durƙusa ya ɗaga murya. "Baba, ka yi haƙuri, sai ka faɗa mana sunansa."

Baba ya kawar da kai. "Sunan wa?"

"Na mutumin can."

"Ku dai ku saurara. In kun ji, ai za ku gane."

"Baba, ta yaya za mu gane? Mutum ɗari yake kira!"

Ya ci gaba da murza carbi, har na ɗauka ya yi fushi. Sunaye na ta wucewa, kowane ya wuce sai in ji gabana ya faɗi, ko shi ne. Can ya yi gyaran murya, yana kallon ƙasa, ya ce, "Akwai wani Annabi da kifi ya haɗiye."

Malam Bulus ya yi tsalle. "Ai mu ma muna da shi a littafinmu! Ai shi ne..." Kwamared ya saki firam da hannu ɗaya ya toshe masa baki. Ba a gaban Baba ba. Duk mun gane, Yunusa ne.

Daga ranar kullum muna kan dutse. Shago nake rufewa da wuri, masu kawo gyara su yi ta mita. Tashar kuma ba ta zama wuri ɗaya, yau ta ɗan gusa nan, gobe can, kullum sai na sake bin ta da tsinke. Wata rana Masko ta ƙara ƙarfi, har kurman gefen ya kasa tare ta, muka sauko ba mu ji komai ba. Wata rana aka kira wani Yunusa, muka miƙe tsaye, sai Shehu ya ce ɗan Idrisu ne, mutumin wani gari daban. Baba ya ga mun miƙe mun koma mun zauna. Tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa.

Ga damina ta kawo kai. Kun san tsawar Jos, kun kuma san ba a wasa da ita a kan dutse, balle da wayar jan ƙarfe a hannu. Ranar da nake ba ku labari hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, daidai inda muke saurare. Kowace walƙiya sai rediyon ya yi ƙarar kamar ana yaga ƙyalle. Baba ya dubi sama ya ce, "Ku tattara mu sauka, kada in ɗauki alhakin 'ya'yan mutane." Kwamared ya ce shi ba inda za shi. Na ce, "Baba, kaɗan ya rage su gama." Iska ta taso tana neman ƙwace firam, Malam Bulus ya kama ɗaya gefen, su biyu suka riƙe shi. Ni kuma na rufe akwatin da rigata, kunnena a jikin sifika, Shehu ya manna nasa ta ɗaya gefen. Yayyafi ya fara.

Sai na ji shi. Ban iya Larabci ba, amma wannan ko jariri ya ji ya gane: "Yunus Adam... Nijeriya... Jos."

Shehu ya daka tsalle har hularsa ta faɗi. "Shi ne! Yana garin Kasala, a Sudan! Shi da matarsa da 'ya'yansa, duk sun iso!"

Kai jama'a! Kwamared na kabbara, Malam Bulus na kiran sunan Allah da nasa bakin, ni kuwa ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na kama kafaɗar Baba na yi ihu a kunnensa: "Baba, an kira shi! Yana raye! Yana Sudan da iyalinsa!"

Ya dube ni ido cikin ido. "Wa aka kira?"

"Shi, Baba! Mutumin can!"

"Mutanen can suna da yawa, Garba. Wa aka kira?"

Na dubi Shehu, Shehu ya dube ni. Na cire kunya na kai bakina kunnensa na faɗa masa yadda aka faɗa, da sunan uban, da sunan garin.

Baba Adamu ya miƙe. Tsohon da sai an kama shi yake hawa dutsen nan, ya fizge rediyon daga hannuna kamar ba nauyi. Wayar ta ja firam ya juya, gangunan Masko suka dawo da ƙarfinsu, tashar Sudan ta nutse. Bai sani ba, ba ya ji. Ya rungume akwatin a ƙirji, ya kai bakinsa jikin sifika, ya buɗe murya yadda duk Dutse Uku za ta ji:

"Yunusa! Yunusa! Ni ne, babanka ne! Kana ji na, Yunusa?"

Ruwa ya kece. Mu huɗu muna tsaye, kuma babu wanda ya iya gaya masa cewa rediyo ba ya kai magana. Muka bar shi yana ta kira.